Tarkon Haske da Wasiƙun Gozaki

Jawabin Dakta Enoch Ɗanasabe, masanin kimiyyar haske, a taron shekara na Ƙungiyar Ci Gaban Gozaki da Kewaye, filin makarantar firamare, ƙarshen Disamba 1988.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdussamad. Mai girma wakilin Hakimi. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Allah ya gafarta Malam Liman. Baba Fasto da dattawan ikilisiya. Shugaban makaranta da malamansa. Iyayena maza da iyayena mata. 'Yan'uwa da suka taso daga Malumfashi da Funtua da Dandume da Musawa, wasu a kan babur, wasu a bayan a-kori-kura a tsakanin buhunan auduga. Jama'ar Gozaki, manyanku da ƙananku: assalamu alaikum, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku duka.

Ina godiya ga Allah da ya fitar da ni daga garin nan lafiya shekara biyar da suka wuce, ya kuma maido ni lafiya. Ina godiya ga wannan ƙungiya da ta ga ya dace a ba ni wuri a inuwa, alhali waɗanda suka goya ni suna zaune a rana. Ina godiya ga mai gabatarwa, ko da yake ya ƙara mini gishiri fiye da yadda miyar za ta ɗauka: ya kira ni Farfesa, ban kai ba tukuna, ya kuma ce ina cikin masu ƙera jirgin zuwa wata, ni da ko keke in ya lalace sai na kai wa mai gyara.

Na san a cikinku akwai masu ƙirga gaisuwa, musamman a ɓangaren iyaye mata, kuma tun ɗazu na ga an fara kallon-kallo. Na jero sunaye ban ambaci yayana Amos ba, ga shi can baya, a gindin dalbejiya, ya sunkuyar da kai. Ba mantuwa na yi ba. Yau kwana ashirin da uku da dawowata, ban gaishe shi ba, ban ci abinci a kwano ɗaya da shi ba, ban kwana a gidan da aka haife ni ba. Ina Malumfashi a gidan ƙanwarmu Liatu. Garin nan kaf ya san haka, har waɗanda suka yi kamar ba su sani ba, kuma ina gode musu da wannan kara. Ranar Talata zan koma ƙasar da na fito, shekara biyu kafin in sake taka Gozaki, in da rai. Idan na tafi a haka, to na tafi ke nan ba ni da wa, shi kuma ba shi da ƙane. Saboda haka takardar da na shirya a kan amfanin ilimin kimiyya ga sabuwar jiharmu na bar ta a aljihu. Maganata uku ce: aikin da nake yi, da wasiƙun da suka riƙa zuwa mini daga garin nan, da abin da na zo roƙo.

Maganar farko, aikin da nake yi. Duk abin da ke duniya, da ƙasar da muke kai, da tabarmar da kuke zaune, da iskar da muke shaƙa, an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ƙwayar zarra. In ka jera miliyan ɗaya a layi, da ƙyar su kai kaurin zaren ɗinki. Kuma ba sa zama wuri ɗaya. Ƙwayoyin iskar da ke tsakanina da ku yanzu, gudun da suke yi ya fi na jirgin sama. Abin da jikinmu ke kira zafi, wannan gudun ne. Abin da yake kira sanyi, raguwar gudun ne. Wanda ke son ya ƙare wa ƙwayar zarra kallo, dole ya fara tsayar da ita, kuma tsayar da ita shi ne sanyaya ta. Sai dai ba ta kamuwa da hannu, ba ta zama a kwalba, domin da ta taɓa bangon kwalbar za ta kwashi zafinsa ta sake tsere.

Ga yadda ake yi, kuma ba mu muka fara ba, wasu masana ne suka buɗe hanyar a 'yan shekarun nan muka bi bayansu. Muna da tulun ƙarfe mai tagogin gilashi, wanda aka zuƙe iskar cikinsa tas. A ciki muke sakin ɗan tururin sodiyam, wato ɗaya daga cikin sinadaran gishirin miya. Sai mu auna masa wani haske mai launi ɗaya tak, da ake kira leza, daga fuska shida: gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Haske yana da ɗan turi, ko da yake fatar mutum ba ta jinsa. An saita launin nan ta yadda ƙwayar ba ta jin turin sosai sai na hasken da ta tunkara a guje. Ta yi gabas, hasken gabas ya tare ta. Ta juya yamma, na yamma ya tare ta. Ta yi sama, ta tarar da mai jiranta. Turi kaɗan-kaɗan, sau dubu bisa dubu, kafin ƙiftawar ido mai gudun jirgin sama ta koma tafiyar da ba ta kai ta tsohuwa mai sanda ba. A nan sanyinta ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, ya kusa kaiwa iyakar da sanyi ba ya wucewa. Sai a ƙara da maganaɗisu ya tattaro su tsakiya. Wannan shi muke kira tarko, tarkon da ba shi da igiya ba shi da ƙarfe, haske ne kawai.

Na ga Baba Rabe ya fara gyangyaɗi. Baba, a yi haƙuri, saura kaɗan, kuma wannan ɓangaren shi ne zuciyar aikin. Me ya sa muke wannan wahala? Domin muna son mu ga abin da ke gudana tsakanin haske da ƙwayar zarra idan suka haɗu su biyu kaɗai. Haske baƙo ne mai sauri, yakan wuce ta gefen ƙwaya sau ɗaya, galibi ko sannu babu. To amma in ka kafa madubi biyu masu kyawun gaske, suna fuskantar juna, tazararsu ba ta kai faɗin ƙwayar dawa ba, hasken da ya shiga tsakaninsu zai yi ta kai da komo sau dubbai kafin ya sami mafita. In da ƙwayar zarra a wurin, duk zuwa sai ya same ta, duk komowa sai ya same ta, har ta haɗiye shi, ta amayar, madubi ya maido mata, ta sake haɗiyewa. Wannan musayar muke son gani da kyau. Ƙwaya mai zafi takan ratsa tsakanin maduban ta fice kafin a fara. Mai sanyi ce kaɗai za ta daɗe. Matsalar ita ce kayan tarkon ba sa shiga wannan ɗan lungu. Dole a kama ta a wuri ɗaya, a ɗauke ta a kai ta wani wurin, ba tare da ta farka ba. Kamawa mun iya. Ɗaukar ce har yanzu ba mu iya ba, kuma ita zan koma in ci gaba da nema.

Maganar biyu, wasiƙu. Dattawa sun san mahaifinmu Ɗanasabe, Ubangiji ya ba shi hutawa. Bai taɓa zama a aji ba. Manomi ne, kuma mai zuma, babu wata ɗorawa ko kaɗanya tsakanin nan da hanyar Kafur da ba ta taɓa ɗaukar amyarsa ba. Mu biyu ya sa a makarantar nan da muke zaune a filinta, ni da Yaya Amos, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Malaman da suka koyar da mu akwai masu rai a nan, su faɗi in ƙarya nake: ya fi ni kai, ya fi ni rubutu, ya fi ni lissafi. Shekarar da yake aji shida Baba ya faɗo daga kan ɗorawa ya karye a ƙugu, aka ce dole ɗaya ya zauna ya riƙe gona da amya. Babba aka duba. Ya ajiye littafi ya ɗauki garma, ni kuma na wuce Malumfashi, na wuce Zariya, na wuce inda jirgi ya kai ni. A lokacin ban taɓa tambayarsa yadda ya ji ba, domin na ɗauka haka abin ya kamata ya kasance.

Ƙasar da na je akwai kirki a mutanenta, amma ba a gaisuwa. Sai ka yi wata uku ba wanda ya tambaye ka gajiya, ba wanda ya tambaye ka mutanen gida. Rana takan fito a makare ta faɗi da wuri, kamar ita ma ba ta son wurin. Na yi kewar ƙamshin ƙasa a ruwan fari, na yi kewar ƙarar sussuka da hantsi, na yi kewar faɗan Inna a kan kaji, har faɗan ma sai da na yi kewarsa. Abin da ya riƙe ni shi ne duk ƙarshen wata in zauna in rubuta wa Baba wasiƙa da Hausa. In ce masa ina lafiya a layi ɗaya, sannan in kwashe shafi uku ko huɗu ina yi masa bayanin tulu da haske da madubi, ina fama da nemo Hausar abin da ba a taɓa faɗa da Hausa ba. Amsa takan zo bayan sati biyar, da rubutun Yaya Amos, tunda shi ne hannun Baba. Bayan gaisuwa da labarin ruwa da na amfanin gona, sai tambayoyi su biyo, kowace ta fara da "Baba ya ce."

"Baba ya ce, sanyin nan yana da ƙarshe, ko kuwa tafiya ake ta yi?" Wani watan kuma: "Baba ya ce, in hasken yana tura ta ta ko'ina daidai wa daida, zai rage mata gudu, to amma me zai kai ta tsakiya?" Jama'a, wannan tambayar ita ce ainihin dalilin da ya sa ake ƙara maganaɗisu, kuma ni ban riga na ambata masa maganaɗisu ba. Na ɗauki takardar na fassara wa malamina, wani Bature mai furfura. Ya cire tabarau ya tambaye ni a wace jami'a mahaifina ya yi karatu. Na ce a kan bishiya. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don alfahari. Na riƙa ji a raina cewa duk duniya mutum ɗaya ne ke fahimtar abin da nake yi tun daga tushe, kuma yana zaune a zauren gidanmu yana saƙar amya.

A watan Fabrairun bana, wata ranar Laraba da azahar, bayan shekara huɗu ana gwadawa ana faɗuwa, muka saki labule muka leƙa tagar tulun. Sai ga wani ɗan ɗigon haske, tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan goro, bai fi ƙwayar gero ba, yana rataye a tsakiyar tulu ba abin da ke riƙe da shi. Miliyoyin ƙwayoyin zarra ne suka tsaya cik suna sheƙi. Abokan aikina kowa ya ruga wayar tarho yana gaya wa matarsa, yana gaya wa uwarsa. Ni ba ni da inda zan buga. Na zauna a kan benci na yagi takarda na rubuta: "Baba, yau na gan su da idona." Shafi biyar na cika. A ranar da nake wannan rubutu, Baba yana da wata shida a ƙasa.

Ban sani ba. Amsa ta zo kamar kullum. A cikin wasiƙar na koka da cewa mun kama amma ba mu san yadda za mu ɗauka ba, sai ga abin da aka rubuto mini, na haddace shi: "Baba ya ce ka tuna yadda ake ɗaukar zuma in ta taru a reshe. Ba a zuwa da rana, da sanyin safiya ake zuwa, lokacin da jikinta ya mutu. Kakkaɓa ta a kwando ba wuya. Wurin tafiya aikin yake: ka tashi a hankali, a tsakiya ka ƙara sauri in kana so, amma tun daga nesa ka fara rage tafiya, domin tsayawa farat ɗaya ita ke tayar da ita." Na yi wata biyu ina lissafi a kan yadda ya kamata a matsar da maganaɗisun, abin da na fito da shi a ƙarshe shi ne abin da layukan nan suka ce. Na sa a raina in na dawo zan durƙusa gaban tsohon nan in ce masa ya riga mu.

Na gama karatu a watan Oktoba. Na sayo masa bargo mai kauri saboda ƙugunsa. A tashar Malumfashi ina sauke jaka, wani dattijo da ya san mu ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan Ɗanasabe. Ya ƙarin haƙuri?" Na ce, "Baba, haƙurin me?" Ya dubi ƙasa, ya saki hannuna a hankali. A tasha na ji mutuwar ubana, a bakin mai wucewa, ana kiran fasinjan Funtua a kaina. Da na iso ƙofar gida na tarar da Yaya Amos a tsaye tare da maƙwabta, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa babba. Na ce, "Wa ya ba ka izinin ka sa ni hira da kabari wata goma sha shida?" Abin da ya ce kawai shi ne, "Shigo ka sha ruwa tukuna." Ban shiga ba. Na gaida Inna daga soro na juya.

Kun san al'adarmu. Wanda ke nesa ba a aika masa da mutuwa kai tsaye. A ce jiki ya yi tsanani, a ce ana nemanka a gida, ko a yi shiru sai ya gama abin da ya kai shi. Na san da haka tun ina yaro, na ma taɓa ganin an yi wa wasu ban ga laifinsa ba. Amma ni ba shiru aka yi mini ba, amsa aka riƙa ba ni. Na kwana ashirin ina juya wasiƙun nan goma sha shida a ɗakin Liatu, kowace na buɗe sai in ji kamar an sake yi mini rasuwar.

Ranar Alhamis da ta wuce, mahaifiyarmu Inna Atu, da ciwon gwiwarta, ta hau bayan babur ta same ni a Malumfashi. Ba ta karɓi ruwa ba. Ta ce, "Enoch, fushin nan da wa kake yi?" Na ce, "Da wanda ya yi mini ƙarya, Inna." Ta ce, "To da Babanku kake yi. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannun Amos, ina zaune, ya ce kada yaron nan ya ji sai ya gama, in ya ji barowa zai yi kuma ba zai koma ba. Ya ce ɗaya na cire daga makaranta da raina, ba zan cire na biyu da mutuwata ba. Ya ce takarda kada ta yanke, in ta yanke zai gane. Amos ya yi kuka ya ce ba zai iya ba, Babanku ya ce sai ya iya."

Sai na ce, "To na ji. Amma tambayoyin baya fa, na lokacin da Baba ke da rai, waɗannan ai nasa ne." Inna ta dube ni, sai ta yi dariya, irin wadda ake yi wa yaron da ya girma bai waye ba. Ta ce, "Wane Baban? In takardarka ta zo, cewa yake a karanta masa inda ka ce kana lafiya. A karanta, ya ce a sake. Sau biyu, sau uku. Da an shiga batun tulu da madubi sai ya jawo amyarsa ya ci gaba da saƙa, ya ce wannan na Amos ne. Amos kuwa sai ya tafi da takardar gona a aljihu, ya yi sati yana zane a ƙasa da tsinke." Na ce, "Me ya hana ya tambaye ni da sunansa?" Ta ce, "Kai ma ka sani. Magidanci da mata da 'ya'ya, ya zauna gaban ƙanensa yana neman karatu? Bakin Babanku ya ara, Babanku kuma ya ba shi aro."

Jama'a, a zaman nan na rasa ubana karo na biyu. Wanda na yi shekara biyar ina hira da shi a zuciyata, mai bin lissafina layi-layi, ashe ba haka yake ba. Na gaskiyar layi ɗaya yake jira duk wata, ya ji ɗansa yana lafiya, kuma layi ɗayan na riƙa ba shi, a gaggauce, don in wuce ga abin da ya dame ni. Da na sani da na cika masa shafi guda. Da na gaya masa abin da nake ci, da irin rigar da nake sawa, da cewa ina ajiye zuma a ɗakina ba don sha ba, don in buɗe in ji ƙamshin hannunsa. Ina kewarsa, kuma ba ni da inda zan aika wannan magana yanzu. Ba zan tsaya a nan in ce al'adar nan daidai ce ba, domin ta hana ni kuka a lokacin kuka, ta hana ni ɗaukar ƙafar makararsa. Ba kuma zan ce kuskure ce ba, domin da na ji da na baro, da ban koma ba. Tsohon ya san ɗansa. Iyayen da ke da 'ya'ya a nesa, na bar muku wannan ku auna, ni ban iya raba gardamar ba.

Maganar uku, kuma ita ce ta kawo ni. Mai girma shugaba, a yi mini izini in juya wa teburin manya baya.

Yaya Amos, ina wuni. Ina gajiya. Ya iyali. Ya haƙurin Baba, da ka ɗauka kai kaɗai wata goma sha shida, kana binne shi a zuciyarka duk ƙarshen wata kana kuma tayar da shi a takarda saboda ni. Ban taɓa tsayawa na tuna abin da ke cikin rubuta "Baba ya ce" da hannun da ya zuba masa ƙasa ba. Kai ka jinyace shi, kai ka rufe masa ido, kai ka karɓi gaisuwa, ka kuma zo ka karɓi zagi a ƙofar gida daga bakin wanda ka noma wa abin da ya ci ya yi karatu. A gaban mutane na yi maka rashin kunya, shi ya sa na zo in ba ka haƙuri a gaban mutane. Ga hulata a hannu. Na yi laifi, Yaya, ka yafe mini.

Kada ka rufe fuska, ban gama ba. Asirin da ka ɓoye shekara biyar na tona shi yau, kuma wannan ba zan nemi gafararsa ba. Dattawa ku shaida, malamai ku shaida: wanda ya sa Bature mai furfura ya cire tabarau, ga shi can a gindin dalbejiya, aji shida ya tsaya. Ɗaukar zumar da aka rubuto mini, a hannun Baba ya koya, a shekarun da ni nake cikin aji. Amma wanda ya hango cewa ƙwayar zarra ma haka za a ɗauke ta, shi ne. Yaya, aikin bai ƙare ba. Har yanzu ba mu kai ta tsakanin maduban ba, kuma ban san wanda zan riƙa gaya wa inda muka tsaya ba in ba kai ba. Ka ci gaba da rubuto mini. Ka rubuta "ni Amos na ce." Girmanka ba zai ragu ba, domin tun farko ni ke koyo a wurinka ban sani ba.

Saura roƙo ɗaya, shi ne mafi nauyi a bakina. Kwana ashirin da uku ina ƙasar nan, ban je wurin Baba ba. Ban san inda kabarin ubana yake ba. Liatu ta ce ta raka ni na ƙi, Inna ta ce ta kwatanta mini na ƙi, domin na san ba aikinsu ba ne, aikin babban wa ne ya shige gaba ya nuna wa ƙane, kuma girman kai ya hana ni tambayarka. Yanzu ina tambaya. In an tashi daga nan, tun rana ba ta faɗi ba, ka kai ni wurin Baba in gaya masa ina lafiya.

Ga shi ya miƙe. Don Allah ku ba shi hanya, a janye tabarmar nan. Mai girma shugaba, ka yi mini afuwa, zan gajarta, muryata ba za ta kai ni nesa ba.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka kira shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbuna, ya kiyaye dabbobi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na masallaci da na coci. Waɗanda ke da nasu a nesa, Allah ya haɗa fuskokinsu tun da sauran lokaci. Waɗanda suka zauna a gida don wasu su tafi, Allah ya saka musu da abin da mu ba za mu iya biya ba. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.